Sunana Kawai Ke Isowa Ofis

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana nemana sai ya dubi bango ya ce a kira wancan. In yana da magana da ni sai ya faɗa wa Inna, ko da kuwa tabarma ɗaya muke zaune, ita kuma ta juyo ta maimaita mini kamar ba a gabana aka yi ba. Inna ma ba ta kiran sunan, amma ita ta samo mafita, Malam take ce mini tun ina yawo ba wando. Haka ake yi a gidaje da yawa a Yelwa, kuma ba wanda ya ɗauke shi ƙiyayya. Kunya ce, ni ma na tashi ina jin nauyinsa har ba na iya haɗa ido da shi.

Baba masunci ne, kakana ma haka, ni kuwa Allah Ya yi ni da tsoron ruwa. Ranar da aka fara saka ni a jirgi na yi ta tsala ihu har mata masu wanki a bakin gaɓa suka miƙe suna leƙe. Baba ya ɗauko igiya ya ɗaura mini a ƙugu, ɗaya bakin ya ɗaure a katakon zama. Yana da wani ɗauri nasa, yakan mayar da bakin igiya ciki sau biyu ya bar ɗan kunne a gefe. Shi ne a igiyar gugarmu, shi ne a turken awakin Inna. Na yini ina kallon wannan ɗan kunne don kada in kalli ruwa. Daga ranar aka san ba za a ci kifina ba, aka tura ni boko.

Na yi karatun lantarki, na dawo gida da takarda lokacin jihar Kebbi ba ta tsufa ba, wayar salula kuma tana sabon shigowa gari. Da safe ina koyarwa a wata sakandare, da yamma ina gyaran rediyo a ƙofar gida. Na sa aka rubuta mini allo aka kafe a bango, da kalmar Injiniya a gaban sunana. Ba wanda ya ba ni wannan muƙami, ni na duba na ga na dace da shi.

A shekarun ne ƙungiyar masu kifi ta samu ɗakin sanyi a bakin ruwa, da janareta da komai. Ofishin ƙungiyar yana can sama ta wajen kasuwa, kuma an haɗo musu da kwamfuta ɗaya, wadda sakatare yake buga wasiƙa da ita sau ɗaya a wata, sauran kwanakin ya yi karta. Sakataren taubashina ne, ɗan kawuna, mutumin da Allah Ya halitta musamman don ya hana ni jin daɗin rayuwa. Matsalar ɗakin ita ce injin sanyin yakan tsaya shiru alhali janareta yana ta ruri, ba wanda zai sani. In an ce a riƙa buɗe ƙofa ana dubawa, sanyin ne ke ficewa. Akwai ranar da aka buɗe aka tarar giwan ruwa da karfasa sun yi laushi, aka yi ta gudu da su wurin mata masu banda kafin su tashi aiki.

Da na ji wannan labari sai kaina ya ɗau zafi. Wani abokin karatuna da ke aiki a Kaduna ya taɓa aiko mini da wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai ƙafafu kamar na kyankyaso, da 'yan tarkacen da ke tafiya da ita. Na ce zan harhaɗa ta a kan ɗan allo kamar tafin hannu, in sa mata ma'aunin sanyi, in kafe ta a ɗakin, in jawo waya har ofis. Irin wannan abu saba ake ce masa. Ba shi da aiki sai zaman jira, in kwamfuta ta tambaye shi ya amsa. Sakatare yana zaune a kujerarsa zai danna, shafi ya buɗe, ya ga lambar sanyin ɗakin ba tare da kowa ya taɓa ƙofa ba.

Na kai maganar taron ƙungiya. Dattawan suka saurare ni irin sauraron da ake yi wa mai tallar maganin basir. Wani ya ce ai ɗakin ba wurin wasan yara ba ne. Wani ya ce yaron da bai iya riƙe filafilin tuƙa jirgi ba shi ne zai tsare musu kifi? Shugaba, wani Alhaji mai sanyin magana, har ya fara neman hanyar sallamata cikin mutunci, sai Baba ya gyara murya. Baba ba mai magana ba ne a taro, shi ya sa in ya yi ake ajiye ta. Ya dubi tabarma ya ce, "A bar shi shi gwada. In bai yi ba, ni za a kama."

Shugaba ya ce to, an ba ni sati uku, a taro na gaba kowa zai zo ofis ya gani da idonsa. Na fito ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya tsaya mini a gaban mutane ba, ga shi yau ya ɗora maganarsa ta shekaru a kan ɗan allona. In abin ya ƙi, ni dai dama an san ni, za a yi dariya a wuce. Shi ne zai riƙa zama cikinsu kullum a rumfar gyaran taru, babbar ragar nan ta kamun kifi.

Na haɗa allon, na zuba wa ƙwaƙwalwar umarni, na jawo wayar da kaina daga ofis, ta bi ta kan rufin shaguna, ta tsallaka 'yar hanyar da motoci ke saukowa lodi, ta zagaya bayan ɗakin sanyi ta shiga ta wata huda. Sai na zauna tsara shafin da zai riƙa buɗewa, kuma a nan ne halina ya fito. A sama na rubuta sallama. Ƙasa da ita sunan ƙungiya cikakke. Ƙasa da shi, da manyan haruffa, cewa wannan aiki na Injiniya wane ne, da makarantar da na gama, da inda za a same ni in ana son irinsa. Can ƙasa, a ɗan lungun da ya rage, na bar wa lambar sanyi wuri, ita da aka yi aikin dominta.

Kwana uku abin yana aiki kamar da gaske. Sakatare ya danna, shafi ya buɗe, lamba ta fito. A kwanakin nan na canza tafiya. Na fara saka biro biyu a aljihun gaba, in 'yan acaba sun gaishe ni ɗaga hannu kawai nake yi.

Rana ta huɗu na taso daga makaranta na biya ofis, na tarar taubashina yana jirana da wani murmushi da na san ba na alheri ba ne. Ya ce in zo in ga ikon Allah. Ya danna. Sallama ta fito, sunan ƙungiya ya fito, sunana ya fito ɓaro-ɓaro da Injiniyarsa, daga nan shafin ya tsaya cik. Muka jira, muka jira, ba lamba. Ya sake dannawa, haka. Ya ce shi tun safe yake gwadawa, kuma yanzu ya haddace sunana da makarantar da na gama, sai dai har yanzu bai san ko kifin mutane yana raye ba.

Na ce masa ƙaramin abu ne, ya matsa. Na leƙa bayan kwamfuta, ɗan koren hasken da ke nuna waya ta haɗu yana ci. Na duba adireshin da na ba wa allon da na kwamfutar, kowa yana gidansa, ba wanda ya hau kan wani. Akwai wani gajeren saƙon gwaji da ake turawa don a ji ko abu yana raye, ni sallama nake ce masa. Na tura sallama, allon ya amsa nan take. Na tura goma, ya amsa tara. To ga haske, ga amsa, me ya hana doguwar magana isowa? Na yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwar ce ƙarama, shafin ya yi mata yawa, tana shaƙewa a tsakiya. Ban tsaya na tambayi kaina yadda aka yi ta kwana uku ba ta shaƙe ba.

Na sauka bakin ruwa na ciro ta, na hau da ita ofis na sake zuba mata umarni, na sauka na mayar. Wannan hawa da sauka na yi shi har mai shayin kan hanya ya daina yi mini sannu. Na cire sunan makaranta, bai yi ba. Na cire inda za a same ni, bai yi ba. Na gutsure sunan ƙungiya ya koma rabi. Har sallamar na cire, Allah Ya yafe mini, amma sunana yana nan daram. Taubashina ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da jirgi ke nutsewa da shi yana zubar da fasinja yana rungume da hularsa ba sai ni.

A sati na biyu na yi abin da ya kamata ya buɗe mini ido. Na kwanto allon gaba ɗaya na kawo shi kan teburin ofis, na haɗa shi da kwamfuta da 'yar gajeriyar waya. Ya yi aiki tsaf, sau ashirin ba gardama. Duk mai hankali zai ce to, allo lafiya, kwamfuta lafiya, saura abin da ke tsakaninsu. Amma doguwar wayar nan ni na jawo ta da hannuna, ni na matse kawunanta, ta yaya za ta yi laifi? Sai na ce sanyi ne ke damun allon. Na naɗe shi da tsohon bargon Inna na mayar, kamar jariri. Da bai yi ba na ce wutar janareta ce ba ta da tsabta, na yi wa mai kula da shi wa'azi na rabin awa a kan abin da ni ma ban gama ganewa ba. Mutumin kirki ne, ya ce in Allah Ya so zai gyara, bai san me zai gyara ba.

Wata rana da la'asar ina cin tuwo a tsakar gida, Baba yana gefe yana fiƙe ƙugiyoyi, sai ya ce wa Inna a tambayi wancan ko ya bi wayar ya duba. Inna ta juyo ta tambaye ni. Na ajiye loma na yi musu bayani a tsanake, irin bayanin da nake yi wa 'yan aji ɗaya, cewa wannan ba mamari ba ne, igiyar nan ta masunta mai jerin ƙugiyoyi, da za a bi ƙugiya-ƙugiya, akwai haske a bayan kwamfuta da ke faɗa mini lafiyar waya daga inda nake zaune. Inna ta juya ta ce masa wai akwai haske. Baba ya ce to, madalla. Bayan kwana biyu ya sake aiko da tambayar, na sake aika masa da hasken.

Saura kwana uku taro na haƙura na cire sunana. Shafin ya koma fari fat, ba komai sai lamba. Kuma sai ga lambar ta fara zuwa, amma yadda ta ga dama: ta zo sau ɗaya, ta ƙi sau biyu. Taubashina, da yake zaman banza ya koya masa lura, shi ya gano cewa in injin sanyi ya huta tana zuwa, in ya tashi sai ta ɓace. Wato abin nawa yana iya magana ne kawai a lokacin da ba a sanyaya kifi. Na daina cin abinci sosai. Da na rufe ido sai in ga dattawan nan a tsaye a ofis, Baba a cikinsu, ana kallon farin gilashi.

Ranar jajibirin taro, bayan azahar, dabara ta ƙare mini. Ba don na yarda da shawarar Baba ba, sai don ba abin da ya rage ban taɓa ba, na fita na fara bin wayar da ido. Kan shaguna lafiya. Kan hanyar lodi na ga kamar ta ɗan fi yadda na bar ta tsayi, ban kula ba. Na zagaya bayan ɗakin sanyi, daidai inda rumfar gyaran taru take, dattawa biyar ko shida suna zaune da aikinsu. Ina ɗaga kai sai na ga wani baƙin ƙullutu a jikin wayata, tsawonsa ya kai kamu guda, an shafe shi da kwaltar liƙin jirgi, an kuma ɗaure shi tam a jikin katuwar wayar da ke kai wuta daga janareta zuwa injin sanyi.

Na taka wani tsohon firji na hau, na sa wuƙa na ɓare kwaltar. Wayar nan a cikinta akwai siraran wayoyi takwas, biyu-biyu, kowane biyu a murɗe da juna. Murɗin nan ba ado ba ne, shi ke hana hayaniyar wutar da ke kusa shiga cikin saƙo. Wani ya warware su duka, ya miƙar da su sambal, ya haɗa kowace da 'yar'uwarta launi da launi ba kuskure ko ɗaya, sannan ya kitse su kamar igiyar jirgi, ya manna su a jikin wayar da ta fi kowace hayaniya a duk bakin ruwan. Shi ya sa gajeren saƙo yake tsallakewa da ƙyar, dogo kuwa ya lalace a hanya. Sati biyu da rabi na wahala, da bargon Inna, da sunana da na goge, duk suka taso mini lokaci ɗaya. Na juyo daga kan firjin na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wane jahili ne ya yi wannan aikin? Wane mara aikin yi ne ya taɓa abin da bai sani ba?"

Hannuwa suka tsaya a kan taru. Ba wanda ya dube ni, duk ƙasa suke kallo. Sai na ji murya daga ƙarshen rumfar, inda ban lura da mai zama ba.

"Ni na ɗaure ta."

Ita ce magana ta farko da Baba ya taɓa mayar mini kai tsaye ba ta hannun kowa ba. Na mayar da idona kan ƙullutun, sai yanzu na ga zaren da aka ɗaure shi da shi. An mayar da bakinsa ciki sau biyu, an bar ɗan kunne a gefe. Da na duba kafin in buɗe baki da na gane shi, don na taɓa yini guda ina kallonsa. Ban san yadda na sauko daga firjin ba. Na bi ta bayan shaguna na tafi gida kamar wanda ya yi sata.

Labari ya riga ni isa wurin Inna, don a bakin ruwa magana ba ta jiran acaba. Ita ta faɗa mini sauran. Ashe ran kwana na huɗu, da sassafe, wata mota da aka yi wa lodin kwandunan banda har sama ta ja wayar ta tsinke, saboda wani Injiniya ya rataye ta ƙasa-ƙasa a kan hanyar motoci. Baba yana dawowa daga masallaci ya gan ta a ƙasa. Ya roƙi direban kada ya faɗa wa kowa, ya zo gida ya ari tabaran da Inna ke zura allura da shi, ya koma ya zauna yana haɗa launi da launi har rana ta fito. Ya janyo ta ya ɗaure a jikin babbar waya don kada ta sake faɗuwa. Ba ya son a ce aikin ɗansa ya kwana uku ya zube, kuma ba zai iya tarar ɗan fari ya ce masa ga abin da na yi maka ba. Shi ya sa ya yi ta aiko da tambaya, ni kuma ina aika masa da haske.

Na ce wa Inna don Allah ta ba shi haƙuri in ya shigo. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce, "Wagga kam ba ni kai ta, Malam. Da za ka faɗa ba ka aiko ni ba."

Na koma rumfar. Ban taɓa jin hanyar bakin ruwa ta yi mini tsawo irin na ranar ba. Dattawan suna nan yadda na bar su, ba wanda ya tashi, kuma na san ba aikin taru ne ya riƙe su ba. Na cire takalmi na durƙusa a gaban Baba na ce ya yafe mini, ni ne jahilin, ni na rataye waya inda mota ke bi. Ya ci gaba da zura zarensa. Can ya dubi tarun ya ce a tambayi wancan, mi ya ɓaci ga ɗaurin? Ba Inna a wurin, dattawan kuma ba wanda ya ɗauki aiken, dole na amsa da kaina.

Na ɗauko guntun waya na fere na nuna masa murɗin. Wannan karon ban yi muryar aji ba. Na ce ɗaurin ba inda ya ɓaci, ko ni ba zan haɗa launukan haka ba, sai dai wayar nan a murɗe take son zama, kuma ba ta son maƙwabtaka da wayar janareta. Ya karɓa ya jujjuya a yatsunsa. Ya ce shi ya ɗauka masu yin ta ne suka yi gaggawa suka bar ta a cukurkuɗe, don shi tun yana yaro abin da ya murɗe warware shi ake yi. Wani daga cikin dattawan ya yi 'yar dariya ta hanci, ya mayar da ita tari. Baba ya ajiye tarun ya ce a kawo wuƙa.

Sabuwar waya mai wannan tsawo babu ita a Yelwa, sai an yi tafiya, taro kuma gobe ne. Abin da ya cece ni wani kuskurena ne na daban: ranar da na auna wayar na yi mata yawa, na naɗe ragowar a bayan kabad ɗin ofis don kada a gani. Muka sassauto ta, muka yanke wurin da aka kitse. Ni nake riƙe ƙarfen dalma, Baba kuma ya karɓi haɗin. Ya sa tabaran Inna a karan hanci, ya riƙa haɗa su biyu-biyu yana mayar da murɗin har bakin farcensa, ni ina bi ina ɗiga dalma. Da muka gama ya naɗe, ya shafa kwalta, ya sa aka kafa dogayen gwangwala biyu aka ɗaga wayar sama da kowace mota, nesa da ta janareta. A kan kowace gwangwala ya bar ɗan kunnensa.

Na haura ofis da gudu, biro ɗaya ya faɗi a hanya ban tsaya ɗauka ba. Injin sanyi yana aiki, ina jin gunjinsa tun daga nesa. Taubashina ya danna, lamba ta fito. Ya sake, ta fito. Ya yi ta dannawa yana neman ta kunyata ni ko sau ɗaya, ta ƙi, har ya gaji ya ce kai, abin ba daɗi.

Washegari dattawa suka cika ofis har baranda. Shugaba bai yarda da lamba haka kawai ba, ya aika aka kashe injin sanyi, muka tsaya muna kallo. Bayan ɗan lokaci lambar ta motsa, ta ƙara motsawa. Ya aika aka kunna, ta tsaya, sannan ta fara komawa. Ya ce to, abin yana da gaskiya, a bar shi. Dattijon nan da ya ce ban iya riƙe filafili ba ya ce shi dai abin da ya gani, jahilin ya fi Injiniyan iya waya. Aka yi dariya har da masu leƙe ta taga, ni ma na yi. Baba bai yi dariya ba, bai kuma ɗaure fuska ba, carbinsa kawai yake ja.

Da aka watse sai Baba ya tsaya a baya. Ya matso kusa da kwamfutar ya daɗe yana kallon farin shafin da lambarsa guda. Sai ya tambayi sakatare ina rubutun da ke sama. Taubashina ya ce ai Injiniya ya goge, wai shi ke cushe hanya. Baba ya gyara hularsa ya nufi ƙofa, sai da ya kai bakinta ya ce, "A maida." Ya fita.

Na dubi taubashina, na ga yau ba ya murmushin nan nasa. Ya ce tun ranar da abin ya lalace, kullum da hantsi in ina makaranta Baba yakan shigo ya ce a buɗe masa. Ya faɗa masa lambar ba ta zuwa, Baba ya ce ya sani. Da yake bai yi boko ba, ranar farko ya tambaya ina sunan wancan yake a cikin rubutun, aka nuna masa, daga nan kullum sai ya ɗora yatsa a wurin ya ɗan tsaya, sannan ya tafi. Kwana ukun da na goge ma ya zo, ya duba, ya fita.

Na tambaye shi wace kalma Baba yake taɓawa, don har a lokacin halina bai gama sakina ba. Ya ce shi ma ya taɓa kama yatsan ya kai masa kan Injiniya, ya ce ga babbar nan, Baba ya janye hannunsa ya mayar inda yake, kan sunan.

Na sauka bakin ruwa na ciro ƙwaƙwalwar, na hau da ita, wannan karon mai shayi har ya yi mini sannu. Na sa lambar sanyi a sama da manyan haruffa. A ƙasanta na mayar da sunan, shi kaɗai, yadda aka raɗa mini shi.